Shafi na Arba'in

Takalmina bai bushe ba tukuna.
Da shi na ratsa ruwan Agege da asuba,
zani a ɗage zuwa gwiwa,
jakar takardu a ka kamar mai tallar goro.
Yanzu ga shi ƙarƙashin teburin kwamiti a Alausa
yana tsiyaya a kan kafet ɗin gwamnati.

Aikina rubuta abin da aka faɗa.
Abin da aka faɗa kawai.

Ma'aikatar Kwatoci da Ambaliya,
jaririya 'yar wata bakwai,
ko haƙori ba ta fitar ba
amma ta iya tauna.
Daraktanta ya zo da mutum shida da kundi mai bango kamar zinariya,
ya gaida kowa, saura kaɗan ya gaida fanka.

Madam Oyeniran ce ke jan zaman.
Ta sauke tabarau kan karan hanci,
ta lashi yatsa, ta buɗe shafi na arba'in:
"Motoci goma sha huɗu. Labule na miliyan tara.
Labulen nan, Darakta, tsotse ruwa yake yi?"
Aka yi dariya. Ban rubuta dariyar ba,
babu gurbinta a fom.

"Ma'aikata nawa?"
"Ɗari uku da sha biyu, ranki ya daɗe."
"Injiniyoyi?"
"Biyu. Ɗaya yana hutu."
"Masu shebur fa?"
Ya waiwayi na hagunsa, na hagu ya waiwayi na baya,
na baya ya ɗaga kai yana ƙirga silin.
Wani ɗan majalisa daga Epe, wanda muka zaci barci yake,
ya buɗe ido ɗaya ya ce
ya ga suna guda sau uku a jerin albashi,
ko 'yan uku ne aka yi wa rowar suna?

Sai aka baza taswira.
Ga Ikko kwance a kan tebur, tsaf, a bushe,
an ja mata shuɗin layi daga Oko-Oba har bakin teku.
Mataki na ɗaya: nazari.
Mataki na biyu: nazarin nazarin.
Na nemi layinmu da ido,
inda Inna ke ɗora buhun shinkafa kan kujeru biyu
duk daren da hadari ya haɗu.
Kofin shayin Darakta ne zaune a kansa.

Ana cikin haka sama ta tsage.
Wuta ta ɗauke, janareta ya yi tari ya kama,
daga rufin majalisa ɗigo ya faɗo,
ɗis,
kan shafi na arba'in.
Sifiri ɗaya ya kumbura, ya narke.
Masinja ya rugo da bokiti.
Madam ta ce a bar ɗigon, shi ma shaida ne.

"Kwata nawa kuka yashe tun da aka haife ku?"
Ya ce suna jiran a saki kuɗin kwata ta uku.
Ta ce, "Ba waccan kwatar nake tambaya ba."

Ni ma akwai tambaya a bakina,
ta kai girman goriba.
Na haɗiye ta da ƙyar.
Magatakarda hannu ne, ba a ba shi baki ba.

An ɗage zama mako biyu.
A kawo rasit. A kawo 'yan ukun nan da ƙafarsu.
Kada a saki ko kwabo kafin nan.
Wannan na rubuta shi da manyan baƙaƙe,
na ja masa layi biyu,
abin da ba wanda ya ce in yi.

Da magariba danfo ta ajiye ni a gindin gada.
Na tarar da ƙanena Sallau cikin kwatar ƙofar gida,
ruwa har ƙugu, shebur na aro,
yana kwaso ledoji da robobi da takalmi ƙafa ɗaya.
Ya ce, "Yaya Tabawa, me manya suka ce?"
Na ce sun ce mako biyu.
Ya ce, "To. Riƙe min tocila."